Kuɗin Hanya

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa, "Ke dai ki amince kawai, wa ke ƙin mai abin hannu a wannan zamani?" na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ku gyara zama ku ji abin da ya same ni yau, sannan ku sake ba ni shawara. 

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ce. Shagona yana jikin ƙofar gidanmu, ɗan ƙuƙut, daga keken ɗinki sai benci sai wani madubi da ya tsage ta gefe. Garinmu shi ne ƙarshen hanya, in ka zo nan to ka zo, babu gaba sai duwatsu. Duk abin da ba ya fitowa daga gona, gishiri ne, man girki ne, sabulu, sukari, ashana, batir, har zaren da nake ɗinki da shi, mota ɗaya ce take kawo mana. Mai ita ake kira Mai Gingimari, kuma shi ne mutumin da yake nemana da aure.

A garinmu ba a tambayar farashi, taɓo ake karantawa. Da an ji rurin motar daga nesa, mata za su fito bakin kasuwa su yi cirko-cirko, ido ba ya kan kaya, yana jikin mota. In taɓo ya tsaya a taya, sai ka ji ana hamdala. In ya kai ƙofa, yara sun yi sallama da sukari ke nan. In kuwa ya haura har gilashi, kowace sai ta juya gida ta sake lissafin abin da za ta haƙura da shi. Domin shi Mai Gingimari abu biyu yake karɓa, kuɗin kaya da kuɗin hanya, kuma kuɗin hanya ya daɗe da fin na kayan. Ya ce akwai wani mashigin kogi can tsakiyar daji inda mota take kafewa, sai an kwana ana haƙa. Ba ya ɗaukar fasinja, wai ba zai ɗauki alhakin ran kowa ba. Wanda fita ta kama shi dole, ta kan duwatsu yake bi da ƙafa, ya dawo da abin da kansa zai iya ɗauka. Maganar ta shiga bakin kowa, har yaro in ka aike shi sai ya miƙo hannu ya ce, "Ina kuɗin hanya?"

Mutum ɗaya ne ya taɓa cewa ba zai yarda ba, shi ne Dogo. Bara ya sayar da shanunsa ya sayi tsohuwar a-kori-kura, ya ce zai je birni ya kawo kaya da sauƙi. Ya tafi, bai dawo da ƙafarsa ba. Mai Gingimari ne ya kawo gawarsa, ya janyo motar da igiya, ya ce a mashigin nan ya same ta a kife. Har kuka ya yi a wurin jana'iza. Kowa ya ce hanya ce ta ci Dogo, aka yi addu'a aka watse.

Ni kuwa da ma'aunin awo nake gane halin da gari yake ciki. Rabon da a kawo min sabon yadi har na manta. Aikina yanzu ragi ne, a rage riga, a rage wando, a matse ƙugu. Shekaranjiya matar Dogo ta shigo ta ajiye wata shuɗiyar riga a kan kekena.

"Tela, ki ƙara rage min ita."

"Haba baiwar Allah, ai ba ta da sauran wurin ragewa. In na ƙara, sai dai ki ba 'yarki."

"Ita ma tata tana cikin jaka," ta ce, ta yi wata 'yar dariya wadda gara kuka da ita.

Ta zauna a benci tana kallon ƙofar gidanmu, inda yayana yake kwance a ƙarƙashin motar mijinta, ƙafafunsa kawai ake gani. Yaya makaniki ne, injin niƙa da na ban ruwa yake gyarawa. Tun damina yake fama da motar nan har ta tashi, matan unguwa kuma suka yi karo-karo, wata ta sayar da akuya, wata 'yan kunne, suka damƙa masa ya je ya sayo musu kaya.

"Ni dai na ba shi motar," in ji matar Dogo, "amma ban ba shi da zuciya ɗaya ba. Ki ce masa ya yi hankali da mashigin nan."

A cikin gida kuwa wani yaƙin ake yi. Akwai buhun shinkafa da galan ɗin mai a bayan ƙofar ɗakin Inna, ta lulluɓe su da tsohon zane kada maƙwabta su gani. Duk zuwan Mai Gingimari sai ya aiko. Inna har rufe ƙofar madafa take yi in za ta soya albasa, don kada ƙamshi ya tsallaka katanga a ce muna ci mun hana. Tun rasuwar Baba ita ke riƙe da mu, kuma ba na ganin laifinta, na san ranakun da ta kwana da ruwa a ciki ta ce mana ta ƙoshi.

"Ke ba yarinya ba ce," ta ce min daren da Yaya yake haɗa kayan tafiya. "Ba wanda zai yi miki dole. Amma kafin ki buɗe baki ki ba mutumin nan amsa, ki fara buɗe tukunya ki leƙa."

"Inna, ai ban ce na ƙi ba."

"Ba ki ce kin so ba kuma. Kin bar bawan Allah yana ta sintiri kamar mai bin bashi."

Yaya yana gefe yana cin busasshen rogo, ga shinkafa a kwano ya ƙi taɓawa. Tun da buhun farko ya shigo gidan nan bai sa ko ƙwaya ɗaya a baki ba.

"Ku dai ku ci gaba da ci," ya ce. "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

"Rufe min baki! Kai da za ka shiga motar da ta kashe mai ita? In ka mutu a daji, taurin kan naka ne zai ciyar da mu?"

"Inna, mutuwa ai ta riga ta shigo gari, a hankali take ɗiba. Ki tambayi ƙanwata riguna nawa ta rage a watan nan."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Amma da asuba na ga ta ƙulla masa gyaɗa a leda ta tura cikin aljihunsa.

Bari in faɗa muku gaskiya, tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba. Mai Gingimari bai taɓa yi min kama da mugu ba. Matarsa ta rasu da daɗewa, ba shi da hayaniya, magana yake yi a hankali kamar mai tsoron tada barci. Kullum cikin fararen kaya, hula a karkace kaɗan, ƙamshin turarensa yana riga shi shigowa shago ya kuma kwana bayan ya tafi. "Telata" yake ce min, ni kuma shashasha sai in sunkuyar da kai ina murmushi. Ya taɓa kawo min wani mayafi ruwan ƙwai mai ƙananan duwatsu masu walƙiya a baki, babu irinsa a duk garin. Na so mayafin nan, kuma na fara son mai shi. Sau da yawa nakan kalli faratansa tas, takalminsa tas, in ce a raina mutumin nan akwai tsabta, ya kwana yana haƙa mota a taɓo amma ko ɗigo babu a jikinsa. Kun ji fa irin wautata, rashin sani ya fi dare duhu.

Saƙonsa na ƙarshe kafin tafiyar Yaya cewa ya yi, "Telata, na ji yayanki ya tada motar marigayi. Ki ba shi haƙuri ya zauna. Hanya ba ta san jarumi ba." Na nuna wa Yaya, ya yi tsaki ya ce in gaishe shi. Jiya da sassafe ya tada mota ya tafi, mata suna bin sa da addu'a, a kan zai kwana biyu a birni ya dawo gobe.

To, mu a nan waya ba ta kamawa sai a kan tudun bayan gari. Akwai wani faffaɗan dutse a tsakiyar hawan, nan kowa yake tsayawa ya ɗaga wayarsa sama, saƙonnin da suka taru su shigo gaba ɗaya. Yau da hantsi na kasa ɗinki, sai karya allura nake yi, na yafa mayafina ruwan ƙwai na hau in ji ko Yaya ya sauka lafiya. Na tsaya a dutsen, na ɗaga, na juya gabas na juya yamma, shiru. Haushi ya kama ni na ci gaba da hawa, na wuce inda mutane suke tsayawa, na kutsa cikin ƙaya inda ake cewa akwai macizai, har na kai ƙololuwa. Ban taɓa zuwa wurin ba tunda aka haife ni.

Ta ɗaya gefen akwai kwari, da wani kududdufi mai baƙar laka a ƙasansa. Gingimarin tana tsaye a bakin ruwan.

Da farko ban gane ta ba, jama'a, domin ban taɓa ganin launinta ba. Ashe koriya ce! Tana sheƙi, tayoyinta ƙura kawai suka ɗauka. 'Yan lodinsa biyu sun naɗe wando suna cikin laka har gwiwa, ɗaya da shebur, ɗaya da bokiti, suna ɗiba suna watsa mata. Ɗayan har ja da baya yake yi ya karkata kai ya duba, kamar yadda nake duba riga in na gama ɗinki. Shi kuma Mai Gingimari yana zaune a inuwa a kan 'yar kujera, cikin fararen kayansa, yana kurɓar shayi. Na ga ya ɗaga hannu ya nuna gilashi. Mai bokiti ya ɗebo ya watsa har sama.

Na durƙusa a bayan wani dutse. Na tuna rigar matar Dogo. Na tuna yaran da aka yaye da ruwan zafi babu sukari. Duk hamdalar da muke yi da duk salatin da muke yi a bakin kasuwa, ashe bokiti ne yake yanke mana.

A daidai lokacin waya ta kama. Saƙonni suka fara shigowa, ƙarar tana tashi ɗaya bayan ɗaya, ni kuma garin sauri in kashe sai na danna saƙon murya. Muryar Yaya ta fito da ƙarfi, don na ƙure sautin tun a gida saboda ƙarar keke.

"Ƙanwata! Kin ga ikon Allah? Babu wani mashigi, gada ce! Gada ta siminti, har ta yi gansakuka, wallahi ta girmi tafiyar Dogo. Hanya lafiya lau, ko taya ban canza ba. Yanzu muka haɗu da mutumin naki a wurin mai shayin bakin gadar, har ya biya min. Kada ki faɗa wa kowa tukuna, bari in dawo da kaya su gani da idonsu."

Kwari yana da amsa-kuwwa. Mai shebur ya tsaya. Mai Gingimari ya ajiye kofinsa a hankali, ya ɗago kai ya kalli tudun. Na kwanta rub da ciki a ƙasa, amma iska ta ɗaga gefen mayafina, duwatsun bakinsa suka kama rana. Mayafin da babu irinsa a duk garin. Bai tashi ba, bai yi kira ba. Hannu kawai ya ɗago min, irin gaisuwar da yake yi in ya hango ni a ƙofar shago.

Ban san yadda na sauko ba. Ƙaya ta yage min zane, takalmi ɗaya ya tsinke. Ina gudu ina kiran lambar Yaya, tana shiga ba a ɗauka, har waya ta daina kamawa. Sai da na zauna a kan kekena ina haki tambayar ta faɗo min: in gadar ta girmi tafiyar Dogo, to a wane mashigi motarsa ta kife?

Bayan azahar aka ji ruri. Na leƙa ta taga na ga mata sun jeru, motar ta shigo baƙa ƙirin, taɓo har gilashi, direba yana leƙe ta wani ɗan wuri da aka share. Aka ɗauki salati. Wata tsohuwa ta zauna a ƙasa ta dafe kai. Na buɗe baki zan yi ihu in ce ƙarya ne, ku taɓa ku ji, ɗanye ne, bai ko bushe ba! Amma wa zai yarda da ni? Rabin mazan garin nan a hannunsa suke ci. Kuma Yaya yana can bayan gada, shi kaɗai.

Ƙamshin turare ya shigo, sannan sallama.

"Telata. Yau ba fitowa tarya?"

Na amsa sallamar a ciki. Ya zauna a benci, ya tattara bakin rigarsa kada ta taɓa ƙasa. Idonsa ya sauka a kan mayafin da na jefar a gefe, duk ƙaya a jiki.

"Ash, kin ɓata shi. Ba komai, zan kawo wani. Amma ki daina hawa can sama, akwai macizai."

"Ina yayana?"

"Yana birni yana ciniki, lafiyarsa ƙalau. Yaron kirki, sai dai gaggawa." Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu ya ɗora a kan kekena. "Ya manta wannan a wurin mai shayi. Na ce bari in kawo gida kada ta ɓata."

Wayar Yaya ce. Na san ta, bayanta a fashe, ya ɗaure da robar taya. Yaya da ko banɗaki ba ya shiga sai da ita. Kiran da na yi ta yi ɗazu, ashe a aljihun farar rigar nan yake ta ruri.

Na ce, "Kullum da 'yan lodi huɗu kake zuwa. Yau biyu na gani."

Ya yi murmushi. "Kin ga abin da ya sa nake son ki, idonki ba ya barin komai. Na bar biyu a can, suna duba min hanya. Kin san ba ta da tabbas. Mota takan wuce lafiya da safe, ta dawo da kaya ta kife."

"Kamar ta Dogo?"

"Allah ya jiƙan Dogo," ya ce, ya shafa fuska da hannu biyu. "Na ba shi shawara, bai ji ba."

Hawaye suka zubo min, na tsani kaina da na bari ya gani. Na ce, "Me kake so?"

"Abin da na daɗe ina so. Kowa yana biyan kuɗin hanya, Telata, ban taɓa yafe wa kowa ba. Amma suruki ba ya biya. Suruki na gida ne, abin da ya gani a hanya maganar gida ce, a gida ake kashe ta. Har aiki zan ba shi, ina buƙatar makaniki." Ya miƙe ya gyara hularsa a madubina. "Kafin rana ta faɗi zan hau tudu in kira yaran nan. Ina so in san me zan ce musu. Wanda zai taso gobe da safe, ɗan'uwana ne, ko baƙo?"

Yana fita Inna ta shigo da fara'arta, hannunta duk ƙurar buhu.

"Kin ga abin arziki? Har da madara yau, da sabulu mai ƙamshi! Ana kukan taɓo ya kai gilashi, mu ko sisi bai karɓa ba. Ke me ya same ki kike kuka? Wannan ba wayar yayanki ba ce?"

"Mantawa ya yi, Inna."

"Wannan yaro da shiririta! Allah dai ya sa wa Mai Gingimari albarka da ya tsinto." Ta dafa kafaɗata, muryarta ta yi ƙasa. "'Yar nan, ki ba shi amsa haka nan. Mutumin da yake kula da naki tun kafin ya zama nasa, me kuma kike nema?"

Na ɓoye mata gaskiyar. In na faɗa mata, za ta fita waje da kururuwa, labari ya riga ni isa kunnensa. Na ɗauki tsohon gyalena, na bar nasa a ƙasa, na fito. A bakin kasuwa na wuce matar Dogo tana tsaye da kwalbar mai wadda ko rabi ba ta kai ba, tana yi wa Mai Gingimari godiya, wai ya rage mata saboda marayu.

Yanzu haka ina zaune a kan faffaɗan dutsen nan, wayar Yaya a cinyata, tawa a hannu. Ban san kowa a birni ba. Ban san shagon da Yaya zai shiga ba, ban san inda zai kwana ba. In na ce eh, yayana zai dawo da rai ya tarar an saye ni, an saye bakinsa gaba ɗaya, garin nan kuma ya ci gaba da karanta taɓo har rigunansu su ƙare a hannuna. In na ce a'a, gobe za a janyo a-kori-kurar nan da igiya karo na biyu, kuma na san wanda zai fi kowa kuka a wurin jana'iza.

Ku da kuka ce in amince, ga shi kun kusa samun yadda kuke so. Inuwa ta riga ta rufe rabin gari. Saƙonsa ya shigo yanzun nan, kalma biyu: "Ina tafe."

Na ɗaga kai. Ga farar riga can a jikin tudu, tana hawowa a hankali, yana ɗage bakinta kada ta kwashi ƙasa.